Raƙumin Babana da Takardar Jarida

Raƙumi ɗaya da raguna huɗu babana ya kai kasuwar Tanut don in yi karatun jarida a Yamai. Ranar da na dawo Tenhiya da diplom, kawuna ya juya takardar gaba da baya, ya ce: "To ɗana, ita wannan nawa take haihuwa a shekara?" Kowa ya yi dariya ban da ni.

Wata takwas na yi a wani gidan rediyo mai zaman kansa da sunan koyon aiki, ko dala ba a ba ni ba. Da na yi magana, shugaban ya ce: "Ba ga makirfo a hannunka ba? Ka ci da shi." Wato in riƙa bin tarurruka, in tsaya bakin ƙofa a miƙo mini ambulan, wai kuɗin mota.

'Yan uwa, tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne. A 2021 aka sa hannu kan yarjejeniyar aiki tsakanin 'yan jarida da masu kafafen labarai. Ku tambayi matasan da suka fito daga IFTIC: mutum nawa ke da kwantaragi a rubuce?

Masu gidajen rediyo za su ce babu talla. Gaskiya ne, kasuwar ta yi wuya. Amma suna biyan kuɗin wuta, suna zuba wa janareto mai. Ɗan jarida kaɗai ne aka ce ya yi aiki da yunwa?

Kuma ba mu kaɗai ake cuta ba. Wanda ke rayuwa da ambulan, inda ambulan yake can zai nufa. Makiyayin Tenhiya da gobarar daji ta cinye masa ciyawa ba ya ba da kuɗin mota. Matan Belbeji da ke wuni a bakin rijiya ba sa kiran taron manema labarai. Shi ya sa ba a jin Damargu sai ranar da babban mutum ya zo da ayarin motoci.

Ban ce kowa ya fasa karatun jarida ba. Cewa nake a biya shi: kwantaragi a rubuce, albashin da bai gaza na doka ba, koyon aiki mai wa'adi. Ranar 30 ga Nuwamba, in an taru bikin 'yancin jarida, a ajiye jawabi a nuna mana takardun albashi.

Kawuna yana nan yana jiran amsa.