Alfadarin dabino: Dare ɗaya na sanyi ya isa ya cinye wahalar shekara goma

A garuruwan kudancin Amurka da Ingila da wasu sassan Turai, akwai masu gidajen da babban burinsu shi ne su ga bishiyar dangin dabino tana kaɗawa a tsakar gidansu. Ba don 'ya'yanta suke shuka ta ba, don ƙawa ne kawai, su leƙa ta taga su ji kamar suna bakin teku a ƙasa mai zafi. Matsalar ita ce dangin dabino da kwakwa da giginya yawancinsu 'ya'yan rana ne, ƙanƙara kuwa ajalinsu ce. Daga nan aka samu kasuwar matasan irin da ake barbarar jinsi biyu a fitar da wanda ake cewa yana jure sanyi.

Wanda ya fi suna a cikinsu Turawa na kiransa da sunan da ke nufin alfadari, kuma sunan ya dace. Kamar yadda jaki da goɗiya ke haifar alfadari mai ƙarfi amma marar haihuwa, haka wannan bishiya take. Uwarta ita ce Butia, gajeriya mai kaurin jiki daga kudancin Brazil da Uruguay, wadda kan jure sanyi har wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ubanta kuwa Syagrus ne, dogo mai saurin girma da ganye mai laushi, amma raggo ne a gaban sanyi, digiri 4 ko 5 ƙasa da sifili kan jigata shi. Ɗan da suka haifa ya ɗauko kyan uban da saurinsa, ya kuma ɗauko kaso mai yawa na juriyar uwar. Wani mai renon tsirrai a kudancin Faransa, Paul Nabonnand, shi ne ya yi suna da wannan haɗi fiye da shekara 100 da suka wuce, har aka liƙa sunansa a sunan bishiyar na kimiyya.

Aikin ba na ragwaye ba ne. Sai an bi furen Butia an cire na miji tun kafin su buɗe, a rufe na matan da jaka, a jira ranar da suka nuna, sannan a barbaɗa musu garin furen Syagrus da hannu. 'Ya'yan da suka ƙullu ba duka ke tsira ba, masu tsirar ma sukan ɗauki watanni. Wannan ne ya sa dashenta ke da tsada. Ba yaudara ba ce, bishiya ce mai kyau da ta cancanci kuɗinta.

Inda ake cutar mai saye shi ne a lambar da ake rubutawa a jikin takardar dashe. A ce masa wannan bishiya tana jure digiri kaza, ya duba taswirar yankinsa ya ga sanyinsu bai kai haka ba, ya biya kuɗi hankali kwance. Taswirar da masu lambu a Amurka suka dogara da ita ta ma'aikatar gona ta ƙasar ce, wadda aka sabunta a watan Nuwamban 2023, inda kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rukuni mai ɗan ɗumi. Amma taswirar matsakaici take nunawa: a ɗauki dare mafi sanyi na kowace shekara cikin shekara 30, a fitar da tsaka-tsakinsu. Ita kuwa bishiya ba ruwanta da matsakaici. Dare guda mafi muni cikin shekarun nan shi ke yanke mata hukunci.

Mutanen jihar Texas sun ga haka da idonsu a watan Fabrairun 2021. Birnin Houston yana rukunin da a takarda sanyinsa ba ya wuce digiri 7 ƙasa da sifili, amma a wannan mako ya kai wajen 11. A Dallas ya kai 19. Da gari ya waye bayan kwanakin ƙanƙarar, dogayen bishiyoyin Washingtonia da Syagrus da suka yi shekaru suna ƙawata tituna da harabar gidaje sun koma kamar an babbake su. Da yawa ba su farfaɗo ba, masu gida suka sake biyan kuɗin sare su.

Dalilin yana cikin halittar bishiyar. Mangwaro ko darbejiya in sanyi ko wuta ta cinye rassansu, sukan sake toho daga gefe. Irin waɗannan dangin dabino masu gangar jiki ɗaya kuwa wurin tohonsu ɗaya ne tak, a can ƙoƙon kai inda sabon ganye ke fitowa. Duk wanda ya san yadda giginya ke mutuwa in an huda kanta ya san zancen. In wannan zuciya ta daskare ta ruɓe, magana ta ƙare, ko da gangar jikin na tsaye ƙyam. Masu lambu kan gane haka ne bayan makonni, lokacin da suka ja ganyen tsakiya ya zare a hannunsu yana wari. Wasu kan zuba maganin ruɓa mai sinadarin jan ƙarfe a ramin, wani lokaci a dace, wani lokaci a'a.

Sannan lambar ba ta faɗin ko sanyin busasshe ne ko mai jiƙa. Bishiyar da ta tsallake dare ɗaya na busasshen sanyi tana iya mutuwa a sanyin da bai kai shi ba, in ruwa ya taru a kanta ya daskare na kwana uku. Shi ya sa abin da ya yi a arewacin Florida ba lallai ya yi a Ingila mai danshi da ƙarancin rana ba. Ƙaramin dashe ma bai kai babba juriya ba, kuma 'ya'yan uwa ɗaya da uba ɗaya sukan bambanta, wani ya biyo uwa, wani ya biyo uba. Mai sayarwa na gaskiya ya kamata ya faɗi duk wannan kafin ya karɓi kuɗi.

Wasu za su ce to a bar matasan irin, a koma ga Trachycarpus, ɗan asalin China mai ganye kamar mafici, wanda ya fi su jure ƙanƙara kuma ya fi araha. A wurare da yawa shawara ce mai kyau. Sai dai labarin ƙasar Switzerland abin dubawa ne. A yankin Ticino da ke kudancin ƙasar, tsuntsaye sun kwashi 'ya'yan wannan bishiya daga lambunan gidaje suka watsa su a daji, ta yaɗu har tana danne ƙananan itatuwan asali. Daga ranar 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta haramta sayar da ita da shigo da ita. A nan rashin haihuwar alfadarin ya zama abin yabo: 'ya'yansa kusan ba sa tsira, don haka inda aka dasa shi nan yake tsayawa.

Saboda haka hana mutane shukawa ba shi ne mafita ba. Mai son ta ya nemi tarihin yanayin garinsu ya ga dare mafi sanyi da aka taɓa yi cikin shekara 30 ko 40, ya auna da wannan. In lambar ta zarce ƙarfin bishiyar, ya san caca yake yi, ya kuma sa kuɗin da zai iya haƙura da shi. Ya dasa ta da bazara don ta kafa saiwa kafin hunturu, a gefen katangar da ke fuskantar kudu, a ƙasar da ba ta riƙe ruwa. A shekarun farko, in an yi hasashen ƙanƙara, ya tattara ganyen ya ɗaure, ya naɗe kan da bargo, ya hana ruwa shiga ƙoƙon. Wannan dabara tana yi ne muddin tsani na kaiwa. Alfadarin kuwa yana da saurin girma, cikin 'yan shekaru kansa zai wuce rufin ɗaki, inda ba bargon da zai kai.