Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya na Tarayya



Na rubuto ne saboda 'yan'uwanmu da aka haifa da tawayar ƙwaƙwalwa, masu galahanga da masu lalurar Down, waɗanda ciwon damuwa da fargaba ke ci ba wanda ya lura.

Saurayin da kullum shi ke share ƙofar gida yana gaida masu wucewa, sai ya daina taɓa tuwo, ya ƙi fitowa, ya riƙa kwana ido biyu. Uwa ta kai shi asibiti, a ce mata, "Ai dama haka yake, sai haƙuri." Wallahi ba haka yake ba! Wataƙila baƙin ciki ne mai tsanani, wataƙila raunin tayirod ne, wanda ya yawaita ga masu lalurar Down, gwajin jini kuma kan gano shi. Yaron da ba ya magana kuwa, idan ya fara buga kai da bango, kuka yake kawowa. Sai a ɗirka masa maganin barci, ko a sa masa mari a ce aljanu ne.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, mun gode. Saura aiki. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su tambayi uwa me ya canja, kuma tun yaushe. A ware wa waɗannan bayin Allah ranar ganin likita a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri, inshorar lafiya kuma ta ɗauki kuɗin maganinsu.

Allah ya yi jagora.