An Gama Zaɓe Tun Kafin Ranar Zaɓe

Ranar zaɓe talaka yakan yi sammako, ya bar gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa, ya shiga layi cikin rana har a zo kansa, ya dangwala yatsa, ya koma gida yana murna cewa ya zaɓi shugabansa. Amma mutanen nan biyu ko uku da ya tarar a gabansa, wa ya tsai da su? Ina sauran da suka nema? Misalinsa kamar mutumin da ya je kara sayen rago ne, ya tarar dillalai sun riga sun kore garken duka sun bar biyu a turke, sa'an nan suka ce masa ya zaɓi wanda ransa yake so. Lalle ya zaɓa, amma dillalai ne suka yi cinikin.

Wannan aikin dillanci shi ake kira zaɓen fid da gwani. Manyan jam'iyyu kuwa suna da magana guda da suke rufe bakin kowa da ita. Sukan ce tsai da ɗan takara sha'anin cikin gida ne na jam'iyya, ba ruwan na waje. Wannan magana yaudara ce, tarihin Nijeriya kuma ya isa ya tone ta.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ba mai tsayawa takara sai ɗan jam'iyya wanda jam'iyyarsa ta tsayar. Watau ƙofa ɗaya ce tak zuwa ga kujerar mulki, mabuɗinta kuwa yana aljihun jam'iyya. Wanda ya riƙe mabuɗin rijiyar gari ba shi da bakin cewa yadda yake rabon ruwa sha'anin gidansa ne, gama gari duka ne zai sha ko ya kwana da ƙishi.

A duba abin da ya faru a 2022. Dokar Zaɓe ta wannan shekara ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya yake da ƙuri'a, zaɓen wakilai, inda 'yan kaɗan suke zaɓa a madadin sauran, da kuma maslaha, inda masu nema suke janye wa mutum ɗaya a rubuce. Da fari majalisa ta so ta tilasta 'yar tinƙe kaɗai, amma a Disamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu, ya kawo dalilin tsada da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Gwamnoni ma ba su so ta ba, domin wakilai a tafin hannunsu suke. Da lokaci ya yi, manyan jam'iyyu biyu suka ɗauki hanyar wakilai. A taron PDP na watan Mayu, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 800 ba, Atiku Abubakar ya ci da 371, Nyesom Wike ya sami 237. A taron APC na watan Yuni, wakilai wajen 2,300 ne, Bola Tinubu ya ci da 1,271. A haɗa su duka, mutum wajen 3,000 ke nan, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93 a 2023. Jama'ar ƙauye guda ce ta yanke wa ƙasa duka waɗanda manyan jam'iyyunta za su ajiye mata.

Mutum dubu uku kuwa suna da sauƙin saye. Ana iya sanin sunan kowannensu, da masaukinsa, da bashin da ake binsa. Jaridu sun yi ta ba da labarin dalolin da suka zaga masaukan wakilai a kwanakin nan, har jami'an hukumar EFCC suka je filin taro. Tun kafin a kai nan ma an riga an tankaɗe masu nema da rariyar kuɗi. Takardar neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ce, a PDP miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. Ma'aikacin da yake kan wannan albashi, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 270 kafin ya tara kuɗin takardar APC. Malamin makaranta mai gaskiya, ko likitan da garinsu ya amince da shi, ba shi da hanya sai ya nemi ubangida. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Ranar da ya hau kujera, ubangidan zai fara biya kafin ya tuna da asibitin garinsu.

Masu cewa sha'anin cikin gida ne, sai su je Zamfara su faɗa. A zaɓen 2019 ɗan takarar gwamna na APC ya sami ƙuri'a fiye da dubu 500, na PDP bai kai dubu 200 ba. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi zaɓen fid da gwani na halal ba, saboda haka ƙuri'unta duka sun tafi a banza. Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, kujerun majalisa ma suka bi shi. Manya suka yi rikicinsu, aka zubar da ƙuri'ar mutum rabin miliyan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A jihar Ribas kuma, a 2007, PDP ta cire Rotimi Amaechi wanda ya ci zaɓen fid da gwani ta sa Celestine Omehia. Jama'a suka zaɓi Omehia, aka rantsar da shi. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta ce jam'iyya ce take cin zaɓe, Amaechi ne kuwa ɗan takararta na gaskiya, sai ya zama gwamna ba tare da ya tsaya a gaban masu zaɓe ba. Kotu ta gyara zalunci ɗaya, amma ta tabbatar wa talaka cewa hukuncin ɗakin jam'iyya ya fi nasa nauyi.

Abin ba sabo ba ne. A 1992 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta soke zaɓen fid da gwani na SDP da NRC, ta hana mutum 23 sake nema, cikinsu har da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. Aka kawo sabon tsari mai hawa daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, wanda ya fid da Moshood Abiola da Bashir Tofa a 1993. Ƙasar ita ce dai, jam'iyyun su ne dai, amma da aka sāke ƙa'ida sai fuskoki suka sāke. Mai rubuta ƙa'ida ya fi mai ƙidaya ƙuri'a iko.

Wani zai ce, to, a koma 'yar tinƙe mana a huta. A yi hattara, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne mai nema, aka sanar da cewa ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 14, Kano kaɗai ta ba da wajen miliyan 2.9. Da babban zaɓe ya zo a 2019, inda kowa da kowa yake da izinin jefawa, abin da ya samu a Kano bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ina sauran suka shiga? Idan littafin sunayen 'yan jam'iyya yana ɗakin gwamna, ba mai ganinsa, to, 'yar tinƙe ta zama alƙalami da takarda kawai. Maslaha ma haka take. Sunanta da daɗi, amma sau da yawa ɗauki-ɗora ce aka yi mata rawani, gama janyewar da aka yi bayan an kira mutum ɗaki da tsakar dare ba yarda ba ce.

Maƙwabta ma suna da nasu darasi. A Gana, jam'iyyar NPP ta yi taro a 2007 inda mutum 17 suka nemi takara a hannun wakilai wajen 2,300. Kukan kashe kuɗi ya yi yawa, sai jam'iyyar ta faɗaɗa masu zaɓe, a 2010 suka wuce dubu 100. Wannan bai kashe sayen ƙuri'a ba, amma wanda zai iya sayen ɗaki ba lalle ya iya sayen kasuwa ba. A Nijar kuwa, har zuwa zaɓen majalisa na 2020, jerin sunaye na jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, jam'iyya ce kuma take tsara wanda yake sama da wanda yake ƙasa. Wanda aka sa a kan jeri ya san wa zai gode wa.

Magani ba ɓoyayye ba ne. Littafin 'yan jam'iyya ya kasance a bayyane tun da wuri, a liƙa shi a kowace gunduma yadda kowa zai duba sunansa ya kuma ga sunayen matattu da na baƙi in an cusa. Masu zaɓen ɗan takara su yi yawan da aljihu ɗaya ba zai ɗauke su ba. A jefa ƙuri'a a asirce, gama wanda ya tsaya a layi bayan ɗan takara, mai gidan hayarsa yana kallonsa, ba shi da 'yanci. Doka ta sa iyaka ga kuɗin takarda. A kuma buɗe ƙofa ga mai tsayawa ba jam'iyya, domin jam'iyyar da ta san jama'a suna da wata hanya za ta ji tsoron ɗora musu wanda ba su so.

Talaka ma yana da nasa laifi. Yakan ce siyasar jam'iyya ƙazanta ce, ya bar taron gunduma ga 'yan bangar siyasa, sa'an nan ya yi shekara huɗu yana kuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda yake so ƙuri'arsa ta yi nauyi ranar zaɓe, sai ya yanki katin jam'iyya, ya halarci taron unguwarsu, ya tambayi wanda ya zaɓi wakilinsu da ranar da aka zaɓe shi. In bai yi haka ba, zai ci gaba da sammako zuwa kara, ya tarar da raguna biyu a turke, dillalai kuwa suna inuwa suna ƙirga ladansu.