Gwajin Magani: Kafin Mu Dangwala Yatsa

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta shafi kowane gida tun daga Dindir har Mai Wurno, wato gwajin sabon magani a jikin ɗan Adam.

Duk wanda ya zauna a bakin kogin Dindir ko na Rahad ya san kalazar, ciwon nan mai kumbura saifa, ya rame yaro. A da allurar kwana 30 ake sha. Daga baya likitocin Sudan da na maƙwabta suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a Hartum a 2003, suka gwada haɗa allura iri biyu a asibitocin yankin Gadarif, kamar na Kassab. Jinyar ta dawo kwana 17, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Kwana 13 ba wasa ba ne ga manomin da ya baro riɗinsa a gona.

Haka ma nabit, wanda kan faro daga sukar ƙaya, ya ci ƙafa har a kai ga yanke ta. A 2017 cibiyar Farfesa Ahmed Fahal da ke Soba ta fara gwada Fosravuconazole. Sakamakon ya nuna bai fi tsohon maganin warkarwa ba, sai dai sau ɗaya ake shansa a mako, maimakon kullum. Ashe gwaji abu ne mai amfani.

Amma fa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan a Kano da yara kamar 200. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan kuwa ɓarna ta yaɗu, domin wannan labari na cikin abin da ya sa jama'a ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar nan, me za mu nema?

Na farko, a yi mana bayani da Hausa. Tsohuwar da Larabcinta bai wuce na kasuwa ba, in an karanta mata takarda da Larabcin likitoci ta dangwala yatsa, wannan ba yarda ba ce. A kawo tafinta, da shaida wanda ba ma'aikacin masu gwajin ba.

Na biyu, mu tambaya: wane kwamiti ne ya ba da izini? An yi wa gwajin rajista? In magani ya yi illa, wa zai ɗauki jinya?

Na uku, a faɗa wa kowa ƙarara cewa yana da ikon ƙi ko janyewa, kuma ba za a hana shi maganin da aka saba ba. Iznin mai gari ko liman yana da kyau, amma ba ya maye gurbin na mai jiki.

Na huɗu, in an gama, a dawo ƙauye a gaya mana sakamako, mai daɗi ko maras daɗi. In maganin ya yi, kada ya fi ƙarfin aljihun waɗanda aka gwada shi a jikinsu.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rusa asibitoci, ya tarwatsa majinyata. In ƙura ta lafa masu bincike za su dawo, kuma muna maraba da su. Fatanmu dai kada a aske mana kai ba ma nan.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.