Agogo Ne Alƙalin Ƙafar Ɗan Tsere

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba fitowa da sanyin asuba a unguwannin da ke ƙetaren kogi nan Kaduna, watau Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi har zuwa Sabon Tasha, ya san cewa kafin motoci su cika hanyar Kachia 'yan gudu ne ke da ita. Akwai samarin da ke shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, akwai 'yan makaranta masu shirin gasa, akwai kuma ma'aikatan gwamnati waɗanda likita ya tsorata da zancen hawan jini. Wannan abin farin ciki ne ga garin da ya karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa har sau biyu, a 1977 da 2009.

To, amma akwai wata damuwa da ke cin waɗansu daga cikin matasan nan, wadda ba su cika faɗa a fili ba. Kwanan baya na tsaya hira da wata ɗaliba 'yar shekara 17 wadda ke yi wa makarantarsu gudun mita 200. Ta shaida mini cewa ƙawayenta sun dame ta da ba'a, wai sha-raɓarta ta yi dam kamar ta ɗan ƙwallo. Saboda haka ta daina cin abincin dare, ta shiga shan wani shayi da aka ce yana rage jiki, tana kuma naɗe ƙafafunta da leda kafin ta fita gudu. Bayan wata uku ƙafar tana nan yadda take, ita kuwa yarinyar ta koma ta huɗu a tseren da a da babu mai kamo ta. Tambayar da ta yi mini ita ce: yaya mai gudu zai rage kaurin ƙafarsa ba tare da ƙarfinsa ya zube ba? Na kuma ji irin wannan tambaya daga bakin samari masu sha'awar gudun fanfalaki, waɗanda ke ganin in ba su sami siraran ƙafafu irin na mutanen Kenya ba, babu inda za su.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne, ana iya ɗan sauya siffar ƙafa ta hanyar sauya irin horon da ake yi mata, amma iyakar sauyin kaɗan ne, domin mafi yawan siffar gado ce. Wanda ya nemi fiye da haka ta hanyar yunwa ko magani, da ƙarfinsa da lafiyarsa zai biya. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Masana aikin jiki sun nuna cewa tsokar mutum haɗe take da zaruruwa iri biyu. Iri na farko sirara ne, ba su da saurin motsi, amma suna daɗewa suna aiki ba su gaji ba. Iri na biyu suna da sauri da ƙarfi, suna saurin gajiya, kuma su ne suka fi yin kauri idan aka hore su. Kowa yana da duka biyun, sai dai rabon ya bambanta daga mutum zuwa mutum, galibi tun daga haihuwa. Wannan shi ya sa cinyar Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, ba ta yi kama da ta Eliud Kipchoge na Kenya ba, wanda ya yi kilomita 42 da 'yan kai cikin ƙasa da awa biyu a 2019. Kowannensu ƙafarsa ta dace da sana'arsa, kamar yadda gatari da lauje duk ƙarfe ne amma kowane da aikinsa.

Haka kuma tsawon agara, watau babbar jijiyar nan da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, yana da hannu a cikin lamarin. Mai doguwar agara tsokarsa a tattare take can sama kusa da gwiwa, sai ƙasan ƙafar ya fito siriri. Mai gajeriyar agara kuwa tsokarsa ta sauko ƙasa, sai ƙafar ta fito a cike ko da bai taɓa gudu ba. Babu atisayen da zai ɗaga wannan mahaɗa daga inda aka halicce ta.

Kada mu ƙi gaskiyar masu son siririyar ƙafa, domin suna da hujja. Bincike ya nuna cewa duk giram 100 da aka ƙara wa kowane takalmin mai gudu yana ƙara masa wahalar numfashi da misalin kashi 1 cikin 100, saboda nauyin da ke can ƙarshen ƙafa ya fi wuyar lilo a kan wanda ke kusa da ƙugu. A shekarun 1990 Farfesa Bengt Saltin, mutumin Suwidin, da abokan aikinsa sun gwada 'yan gudun Kenya da na ƙasashensu na arewacin Turai, aka kuma lura cewa siraran ƙafafun Kenyawa na daga cikin abin da ke rage musu wahala. Mu ma mun ga zahiri a nan gida, lokacin da aka yi gudun fanfalaki na Kaduna na kilomita 21 a watan Nuwamba na 2020, Kenyawa suka zo suka kwashe manyan kyaututtuka. Amma mu tuna, mutanen nan da irin wannan ƙafa aka haife su, sun tashi a kan tsaunuka masu tsawon fiye da mita 2,000, sun kuma shafe shekaru suna horo mai tsanani. Babu wanda yunwa ta ba shi ƙafar. Kowa ya daka rawar wani, in ji masu magana, zai rasa turmin daka tasa.

Mu duba kuma namu jaruman. Chioma Ajunwa ta ciyo wa Nijeriya zinariya a dogon tsalle a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, inda ta tsallake mita 7.12. A wannan gasa Mary Onyali ta ci tagulla a mita 200, Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400. A 2022 Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12. Duk wanda ya ga hotunansu ya ga cikakkun cinyoyi da ɗaurarrun sha-raɓa. Irin ƙafar da ake yi wa 'yar makarantar nan dariya a kanta, ita ce ta sa aka ɗaga tutar ƙasarmu a idon duniya.

Yanzu sai hanyoyin da matasa ke bi, waɗanda nake ganin ɓata ne. Ta farko ita ce zaton cewa in mutum ya matsa wa wata gaɓa da atisaye, kitsen wannan gaɓar kaɗai zai narke. Tun a 1971 waɗansu likitoci a Amurka suka auna hannuwan 'yan wasan tanis, waɗanda suka yi shekaru suna buga ƙwallo da hannu ɗaya. Suka tarar hannun bugun ya fi ɗayan tsoka, amma kitsen da ke ƙarƙashin fata daidai yake a duka biyun. Jiki yana ɗibar kitse ne daga ko'ina bisa tsarinsa, ba ya tambayar mai shi inda yake so. Naɗa leda kuwa gumi kawai take fitarwa, da an sha ruwa an koma gidan jiya, ga kuma haɗarin jiri da faɗuwa a zafin bazarar Kaduna.

Ta biyu ita ce shayin rage jiki da ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwa da wayoyin hannu. Da yawa daga cikinsu abin da ke ciki ganye ne dangin filasko mai sa zawo, ko maganin da ke sa yawan fitsari. Ruwa da gishirin jiki suke zubarwa, waɗanda tsoka da zuciya ke bukata don su yi aiki. Bugu da ƙari, magungunan sa fitsari suna cikin jerin abubuwan da hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta. Ɗan tsere na iya shan dakatarwa a kan kofin shayin da bai san abin da ke cikinsa ba.

Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce yunwa. Mai nauyin kilo 60 in ya yi gudun kilomita 10 ya ƙone misalin kalori 600, ban da abin da jiki ke ci don numfashi da karatu da girma. Idan abinci ya kasa, jiki yakan rage waɗansu ayyukansa don ya tsira. Mace sai al'adarta ta ɗauke, namiji sai kuzarinsa ya ragu, ƙashi ya yi rauni har ya riƙa tsagewa ba tare da an faɗi ba. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fito da sanarwa ta musamman a kan wannan ciwo na ƙarancin abinci ga 'yan wasa, ya ce maza da mata duk yana kama su. A 2019 wata 'yar tseren Amurka, Mary Cain, wadda tun tana 'yar sakandare ta yi fice a duniya, ta bayyana cewa matsin da aka yi mata ta rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku, ta kuma karye a ƙashi biyar. Garin neman gira ke nan aka rasa ido. A kowane taku na gudu ƙafa tana ɗaukar nauyin jiki ninki biyu zuwa uku, tsoka ce kuwa ke tare wa gwiwa da ƙwauri wannan duka.

To, mene ne abin yi ga wanda yake da dalili na gaske, misali wanda ya bar gajeren tsere ya koma dogo? Da farko ya tabbatar da abin da ya cika ƙafar. Tsokar da aka gama aiki da ita takan kumbura da jini da ruwa na ɗan lokaci, don haka awon gaskiya shi ne na safe kafin a fita. In kuwa kumburi ne wanda in an danna yatsa yake lotsawa, ko ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana ciwo, wannan zancen asibiti ne, kada a tsaya wasa.

Na biyu, ya mayar da mafi yawan gudunsa ya zama dogo kuma a hankali, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da saurin da zai iya magana da abokin tafiyarsa. Ya rage tsallen kwaɗo da hawan matakala da tsugunno sau hamsin-hamsin har ƙafa ta ƙage, domin yawan maimaici har a gaji shi ke gina kauri. Tun a 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya nuna cewa yawan horon dogon zango yana taka wa ƙaruwar ƙarfi birki, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka ga haka yake ga girman tsokar ƙafa.

Na uku, kada ya yar da ƙarfe gaba ɗaya. A 2008 masana a ƙasar Norwe sun sa ƙwararrun 'yan gudu ɗaga nauyi mai yawa a tsugune, sau huɗu kacal a jere, zagaye huɗu, kwana uku a mako, har mako takwas. Ƙarfinsu ya ƙaru, wahalar gudunsu ta ragu da kashi 5 cikin 100, nauyin jikinsu kuwa bai ƙaru ba. Asirin shi ne, irin wannan horo yana koya wa jijiyoyi yadda za su tashi tsokar da ke akwai ta yi aiki baki ɗaya. Amma tilas a yi shi a gaban wanda ya san aikin, musamman ga yaran da ba su gama girma ba.

Na huɗu, ya ci abinci ya ƙoshi. Tuwo da shinkafa da doya su ne man tafiya. Wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono su ke gyara tsoka, zogale da alayyaho kuma suna taimakon jini. In akwai kitsen da ya yi yawa, a fara da rage lemon kwalba da soye-soye, a bi a sannu cikin watanni. Ya riƙa duba agogonsa: muddin lokacinsa yana kyau, barcinsa daidai, to yana kan hanya. Ranar da lokaci ya fara lalacewa, ya sani ya wuce gona da iri.

A nan nake kira ga hukumomin ilimi da na wasanni na Jihar Kaduna. Malamin wasanni a makarantunmu bai kamata aikinsa ya tsaya ga busa usur da shata fili ana gobe gasa ba. A ba su horo a kan abinci da lafiyar 'yan wasa, a kuma samar da malamai mata waɗanda yarinya za ta iya gaya wa abin da kunya ba za ta bari ta gaya wa namiji ba. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙara sa ido a kan masu tallar shayin rama. Iyaye da 'yan'uwa kuma mu kama bakinmu, domin kalma ɗaya ta ba'a a tsakar gida tana iya raba yarinya da baiwar da Allah ya yi mata, wadda wataƙila ita ce hanyar karatunta da abincinta.

Ita dai ɗalibar nan na ba ta shawara ta ajiye leda da shayi, ta koma cin tuwonta na dare, ta nemi malaminta su sake tsara horo. Ga sauran 'yan gudunmu na ƙetaren kogi kuwa, abin da zan ce shi ne, ranar gasa babu alƙalin da zai zo da magwajin tela ya auna cinyar kowa. Agogo za a riƙe, shi ne kuma zai raba gardama. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.