Rijiya ta bayar, guga ya hana

A wani ƙauye na ƙasar Sandamu, inda dangin mahaifiyata suke, akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tankinta a sama, da allo mai ɗauke da sunan waɗanda suka bayar da ita. Ruwanta garai-garai. Amma je ka da hantsi ka gani: mata da yara na wuce ta da jarkoki a ka, sun nufi tsohuwar rijiya mai nisa. Na tambayi gwaggona dalili, ta ce, "Ɗan nan, gara doguwar tafiya da cin mutunci." Wallahi tun ranar raina bai kwanta ba.

Ga abin da ya faru. Masu aikin sun zo da mota mai sanyi, suka gaisa da mutum ɗaya, mai faɗa a ji a siyasar yankin, ya nuna musu fili a ƙofar gidansa, aka haƙa, aka ɗauki hoto, aka tafi. Bayan 'yan watanni ya sa wa famfon kwaɗo. Wanda ya zaɓi jam'iyyarsa ya ɗiba, wanda bai zaɓa ba ya ji baƙar magana. Fulanin rugar da ke bayan gari kuwa, waɗanda kakanninsu suka sha ruwa a wurin tun kafin a haife shi, ba wanda ya ko tuna da su. Ba komin shayar da dabbobi, ga gonaki sun cinye burtali. Rani ya yi tsanani, shanu suka biyo ta gonar rogo don neman ruwa, aka zare sanduna, aka fasa kai. Ruwan da aka kawo don a rayu, shi ya kai mutane gaban alƙali.

Kai mai karatu, ka san irin wannan labari. Akwai shi a garinku.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, masu ba da agajin nan sun san maganin. Ba yau suka sani ba. Tun 1999 wata Ba'amurkiya, Mary Anderson, ta fitar da littafi a kan yadda agaji ke iya rura wutar rikici, har ƙa'idar "kada ka cutar" ta zama karatun farko a ƙungiyoyinsu. Suna da abin da suke kira nazarin rikici: kafin ka haƙa, ka san wa ke da filin, wa ke shan ruwan, su wa ne ba sa ga maciji da juna, wa zai riƙe mabuɗi. To ina nazarin? A otal ake yinsa, a Katsina ko Abuja, ana shan shayi da madara, a rubuta rahoto da Turanci, a karɓi alawus, a watse. Wanda bai taɓa jan guga ba shi ke tsara wa mai jan guga rayuwa. Wannan munafunci ne, kuma kowa ya san munafunci ne.

Mu mutanen ƙasar Daura za a koya wa cewa ruwa mulki ne? Tarihinmu a bakin rijiya ya fara. Labarin Kusugu da kowane yaro ya haddace, me yake cewa? Akwai ruwa a rijiya, amma maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi a zamanin Daurama. Ruwan bai taɓa ƙarewa ba. Mai tsare bakin rijiyar ne matsalar. Yau da kuɗin agaji ake haƙa sabuwar Kusugu, a ɗora mata sabon maciji, a sa masa babbar riga, a kira shi shugaban kwamitin ruwa.

Kuma ba wasa ake yi da rayuka ba. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2018 marigayi Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2019 ya sa hannu a umarnin hana bahaya a fili. To yaya za a hana, alhali ana gina makewayi a kasuwa ba a raba na mata da na maza ba, ba a tambayi kowa wa zai wanke ba? Mace mai kunya ba za ta shiga ba. Za ta koma bayan gari, cutar ta dawo ta ruwan kududdufi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nazarin gaskiya ba ya buƙatar otal. Tabarma yake buƙata. A zauna da hakimi da dagaci da mai unguwa, a zauna da liman, a taka har ruga a zauna da arɗo. A shiga cikin gida a ji ta bakin mata, don su ke ɗaukar jarka. A ji 'yan ga-ruwa, don sabon famfo na iya kashe musu sana'a, kuma mai jin yunwa ba ya raina ɓarna. A tuna da makiyayan da ke saukowa daga Nijar bayan kaka. Filin a mallaka wa jama'a a rubuce, gaban shaidu. A yi wa dabbobi mashaya nesa da gona. A faɗi nawa ne kuɗin gyara, da wanda zai riƙe, da wanda zai bincike shi.

Mu ma da namu laifin. Baƙo ya zo da injin haƙa, sai mu hau tafi da guɗa, kowa ya haɗiye abin da ya sani don kada aikin ya koma wani gari. Daga baya mu zauna muna tsinuwa. Haba! In sun ƙi tambaya, mu faɗa musu ba a tambaye mu ba, tun injin bai taɓa ƙasa ba.

Gwaggona ta haura shekara sittin, kuma gobe da asuba za ta sake wuce tankin nan da jarka a kai.