Kwano a Gefen Gado Ba Ƙoshi Ba Ne

Zancena na wannan mako a kan tsofaffin da ke kwance asibiti ne.

A Ingila, cikin 2013, binciken Robert Francis a kan asibitin Stafford, inda ma'aikatan jinya suka yi ƙaranci, ya nuna a kan ajiye wa majinyata abinci da ruwa inda hannunsu ba ya kai. To, ina ga mu?

Mu nan Gusau da Tsafe da Bungudu, ɗan'uwa ne ke zama da tsoho asibiti, ya ba shi abinci. Amma 'yan bindiga sun warwatsa dangi da yawa. Wanda ba shi da kowa fa?

Ku lissafa. Ba tsoho mai rauni kunu ya kan ci rabin sa'a. In ma'aikaci guda na da irinsa 20, sa'a 10 ke nan, kalaci ɗaya tak! Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa sosai, sai dai a ga harshe ya bushe, fitsari ya yi ja, hankali ya rikice.

Ina roƙon hukuma ta ƙara ma'aikata. Ku kuma malamai, in kun je dubiya, bayan addu'a ku ɗauki ludayi.

Wassalam.